Zumar da Buni Ta Ƙi Sha

Ranar Lahadin da Levente zai fara zuwa gaisuwa gidan su Ilinca, tun da hantsi ƙamshin sarmale ya cika unguwa. Ilinca da kakarta Buni Floarea suna zaune a kicin, suna naɗe niƙaƙƙen nama da shinkafa cikin ganyen kabeji mai tsami, suna jerawa a tukunya.

"Buni, don Allah ki ja wa Baba kunne, kada ya ɗauko zancen nan nasa yau."

"Wanne daga ciki? Na zuma ko na kakanni?"

"Kin san wanda nake nufi ai."

"Ubanki ko wurin jana'iza sai ya ɗauko shi," in ji Buni. "Ke dai naɗe da kyau. Dubi wannan, sai ka ce matashin kai."

Ni maƙwabciyarsu ce a nan Turda, shinge ɗaya ya raba mu, kuma na san Octavian, uban Ilinca, tun da sauran gashi a kansa. Mutumin kirki ne, ba ni da ta cewa. Da matarsa ta rasu ta bar Ilinca a goye, bai sake aure ba, shi da uwarsa suka raini yarinyar. Da ya bar aikin jirgin ƙasa sai ya koma kiwon zuma a bayan gida. Ciwonsa ɗaya ne: asali. In ka ce masa ina kwana, kafin ka sauke hannu ya kai ka zamanin Rumawa. Ga shi kuma yaron da 'yarsa take so, wani likitan dabbobi daga ƙauyukan gindin dutse, Bahangare ne gaba da baya, mu kuwa Romaniyawa ne.

Levente ya iso da furanni. Ya sunkuya ya sumbaci hannun Buni kamar yadda ɗan mutunci yake yi, ya gaida Octavian, aka zauna. Ni ma ina wurin, Ilinca ce ta roƙe ni in zo, wai ko idona zai sa ubanta ya ji nauyi. Ina!

"Ci mana, samari," Octavian ya ce yana tura masa kwano. "Abincinmu ne, ko da yake na ji ku ma kun ara."

Levente ya yi murmushi, ya kira shi da domnu, wato malam a harshenmu. "Domnu Octavian, mahaifiyata cewa take Turkawa ne suka koya mana mu duka."

Aka yi 'yar dariya, ban da maigida. Ya ajiye cokali, ya gyara zama. Ilinca ta runtse ido.

"Bari in gaya maka. Mu a nan aka same mu. Jinin Dakawa ne, mutanen farko na yankin nan, da Rumawa, tun ba a san da ku ba muke noman ƙasar nan. Harshenmu ɗan Latin ne, je ka Italiya ka ji 'yan'uwanmu suna magana. Ku fa? Rana tsaka kuka ɓullo bisa dawaki daga can ƙuryar gabas, da wani harshe da babu mai jin sa sai ku. An ce wai mutanen Finlan ne danginku, to su ma ba sa jin ku!"

"Baba, abinci zai huce…"

"Bar ni, ilimi nake ba shi. Baƙo ya kamata ya san shi baƙo ne."

Da yaron ya yi shiru da an wuce wurin. Amma shi ma ɗan gidansu ne, da irin nasa karatun aka shayar da shi. Na ga kunnuwansa sun yi ja.

"Mu kuma a gidanmu cewa ake, da kakanninmu suka iso ba su tarar da kowa ba sai daji. Daga baya ne makiyaya suka hauro daga kudu da tumakinsu."

Tirƙashi! Wannan gardama, manyan masana sun tsufa a kanta sun mutu sun bar ta, amma kowane namiji a ƙasar nan gani yake shi zai warware ta tsakanin miya da nama. Octavian ya miƙe tsaye.

"A gidana? A kan teburina? Tashi ka fita!" Ya juya wajen 'yarsa. "Ke kuma saurara. Muddin ina numfashi, jinin Bahangare ba zai shigo gidan nan ba. In kin aure shi, ba ni ba ke."

Ilinca ta fashe da kuka. Buni ta tashi tana tattara kwanuka, ko abincin gabanta ba ta taɓa ba.

Washegari Levente ya sami Ilinca a kemis ɗin da take aiki. Ya jira masu saye suka watse, sannan ya matso.

"Sori, edeshem. Bakina ne ya kufce."

Haka yake kiran ta, edeshem, wato mai zaƙina. Kalmar Hangaranci ke nan da ta fi riƙewa.

"Sori ba ta gyara komai, Levente. Ka san halinsa, sai da na gaya maka."

"Na sani. Amma ji nan, mu ba yara ba ne. Mu je birnin Cluj a ɗaura mana aure a ofis, mu kama haya. Mamata ma ai ba murna take ba, kullum kukanta jikokinta ba za su ji harshenta ba. In suka ga an yi, dole su haƙura."

Ta girgiza kai. "Mutumin nan shi ya riƙa tashi yana dama mini madara lokacin da ba ni da uwa. Ba zan bi ta bayan gida in fita ba. Ina son ka, ka sani, kuma ba zan auri kowa ba in ba kai ba. Amma sai ya sa albarka."

"In bai sa ba fa?"

"Sai mu tsufa muna jira."

Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ce to. Ya koma ba da haƙuri, Octavian ya rufe masa ƙofar shinge a fuska. Ya sake komawa, haka. Sanyi ya shigo, ƙanƙara ta rufe rufin gidaje, ta narke, itatuwa suka sake toho. Ilinca ta rame har zobe yana zame mata. Ba ta ɗaga wa ubanta murya ba ko sau ɗaya, tana dafa masa abinci, tana taya shi tace zuma, ta shiga ɗaki ta yi kukanta. Ni kam haushi ya ishe ni, na faɗa masa ta kan shinge cewa zai kashe yarinya a kan mutanen da ƙasa ta cinye tun tuni. Ya ce in kula da kajina.

Ana nan, wata safiya Buni ta fita lambu tsinko albasa, ta yanke jiki ta faɗi. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ta yi kwanaki a asibiti ba ta ce komai ba, aka sallamo ta, hannun dama a mace, baki a karkace. Likita ya ce magana za ta iya dawowa, za ta iya ƙin dawowa, sai dai a yi ta addu'a.

Ta dawo kuwa. Wata rana da la'asar ina taya Ilinca juya ta, sai tsohuwa ta buɗe baki.

"Edesh…"

"Buni! Me kika ce?"

"Edesh… edesh…"

Ilinca ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Na san kalmar nan. Zaƙi ke nan da harshen su Levente. Wani abu mai zaƙi take so."

"A ina Buni za ta san harshensu?"

"Wa ya sani, ko a kasuwa ta tsinta."

Ta ruga ta kawo zuma a cokali. Buni ta kau da kai. Octavian ya ji an ce mahaifiyarsa tana son zaƙi, ya je ya buɗe amyar da ya fi ji da ita, ya kawo saƙa sabuwa fil tana ɗiga.

"Mama, ga shi, ta furen bana ce. Lasa kaɗan."

Ta datse leɓɓanta gam, hawaye suna gangarowa cikin kunnenta. "Edesh," ta sake cewa, tana kallon ƙofa. Aka kawo shayi da sukari, aka kawo tuffa dafaffe, ni ma na toya waina na kawo. Duk ta ƙi.

Kwana biyu sai kalmomi suka ƙaru, suna fitowa a jere. Babu Romaniyanci ko ɗaya a ciki. In aka yi mata magana sai ta zuba wa mutum ido, kamar ruwan sama take saurare. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san sautin Hangaranci ko da bai ji ma'anarsa ba, kuma Octavian ya san shi. Na ga fuskarsa lokacin da ya gane.

"Surutan ciwo ne," ya ce. "Kada wanda ya fita da maganar nan."

"Baba, magana take yi, mu ne ba ma ji. Bari in kira Levente."

"Kul!"

"To a kira wani. Ga mai gyaran takalmi a bakin titi…"

"In zama abin dariya a unguwa? Na ce surutai ne!"

Abin da ya karya shi, Buni ta daina cin abinci gaba ɗaya. Tana magana, tana maimaitawa, tana jan hannun rigarsa da hannunta mai lafiya, shi kuma yana tsaye kamar gunki. Da ta gaji sai ta juya fuska bango. Wata safiya na gan shi zaune a kan kututture gaban amyoyinsa, ko hular raga bai sa ba. Can ya tashi ya shiga tsohuwar motarsa ya tafi.

Levente ya ba mu labari daga baya. Yana wani garke, hannunsa dumu-dumu yana karɓar haihuwar saniya, sai ya ga mutum tsaye a bakin ƙofa da hula a hannu.

"Ba don kai na zo ba," in ji Octavian. "Uwata ce. Ba na jin abin da take faɗa."

Yaron ya wanke hannu ya bi shi.

Da suka shigo, Levente ya durƙusa a gefen gado, ya gaishe ta da harshensu, gaisuwar da yaro yake yi wa tsohuwa. Wallahi ban taɓa ganin fuska ta sauya haka ba. Buni ta damƙe wuyan hannunsa, magana ta ɓalle mata, tana sarƙewa, tana kuka, tana ci gaba.

"Me take cewa?" Ilinca ta tambaya. "Kullum edesh take kira, mun ba ta zuma ta ƙi."

Levente ya ɗago a hankali. "Ba zuma take nema ba. Uwarta take kira. A wurinmu uwar da ta haife ka ita ce uwa mai zaƙi, don a bambanta ta da matar uba. Mutanen ƙauye sukan gajarta su ce edesh kawai."

Octavian ya lalubi kujera ya zauna.

Kaɗan-kaɗan labarin ya fito, tana hutawa tana ci gaba, Levente yana juya mana. A wani ƙauye bayan Cluj aka haife ta. Ubanta Baromaniye, uwarta Bahangariya, kuma da harshen uwar ta fara magana. Sunan da uwar take kiran ta Virag, wato fure, daidai da ma'anar Floarea. Shekarar da aka ja iyaka tsakanin Cluj da Turda, lokacin yaƙi, Cluj ta koma hannun Hangarawa, ciwon huhu ya kashe uwar. Uban ya ɗauko 'yarsa ya tsallako nan, ya sake aure. Matar uban ta ce wannan harshe zai jawo musu bala'i a wannan ɓangaren, don haka duk ranar da kalma ta kufce wa yarinyar sai ta sha bugu a baki. Ko kukan uwarta ba ta samu ta yi da harshen da ta san ta da shi ba. Haka ta haɗiye shi, ta girma, ta yi aure, mijinta ma har ya mutu bai sani ba.

Octavian ya juya wajen Levente.

"Tambaye ta… me ya sa ni ba ta taɓa gaya mini ba?"

Levente ya tambaya. Buni ta dubi ɗanta, ta amsa a hankali.

"Ta ce ta so ta faɗa. Amma wata rana kuna ƙarami kun dawo daga makaranta da haddar darasin kakanni, kuka hau kujera kuna karanta mata, idonku yana ƙyalli. Sai ta ce bari ya girma tukuna. Da kuka girma kuma…"

"Ƙarasa."

"Domnu Octavian, ba sai na…"

"Na ce ka ƙarasa!"

Levente ya sunkuyar da kai. "Ta ce da kuka girma ta ji abin da kuke faɗa a kanmu. Ta ji tsoron kada wata rana ku kalle ta yadda kuka kalle ni ranar Lahadin nan."

Na ga maza suna kuka a rayuwata, amma ban ga irin na Octavian ba. Ya zube a gaban gadon, ya kifa fuska a tafin hannun uwarsa, yana cewa "Mama, Mama," ita kuma tana shafa sanƙonsa tana faɗin abin da ba ya ji. Tausayinsa ya kama ni, duk da na daɗe ina jin haushinsa. Shekara da shekaru yana zagin mutane a gaban abinci, matar da ta dafa tana tsaye tana ji.

Ranar Buni ta sha miya. Da Levente zai tafi, Octavian ya raka shi har bakin shinge.

"Gobe ma… in kana da sarari."

"Zan zo."

Ya zo gobe, ya zo jibi, ya ci gaba da zuwa kullum in ya tashi aiki. Abin da ya sa na ƙara ganin girman yaron, bai taɓa ɗaga zancen aure ba, ko da wasa. Ilinca ma da ta ce masa ko yanzu ne lokacin, cewa ya yi, "A'a. Ba zan sa ya sayi fassara da 'yarsa ba." Yakan zauna ya saurari tsohuwa, ya faɗa musu inda ke mata ciwo da abin da take marmari, ya rubuta wa Octavian 'yan kalmomi da alli a jikin ƙofar kicin: ruwa, sanyi, ina nan. Dattijo yana karantawa yana karya harshe, Buni tana yi masa dariya da rabin baki. Tsakanin mazan biyu kuwa, daga gaisuwa sai godiya. Octavian ya kasa haɗa ido da shi, kunya ta hana.

Wata rana da yamma muna zazzaune a ɗakin, Buni ta ƙura wa Levente ido, ta dubi Ilinca, ta dubi ɗanta, sannan ta yi wata gajeriyar magana. Ciwon ya tafi da abubuwa da yawa daga kanta, wani abin tana tunawa, wani ya ɓace. Levente ya yi jim, bai fassara ba.

"Me ta ce?" in ji Octavian.

"Ba wani abu ba ne."

"Kai, samari, ban kawo ka don ka zaɓa mini ba."

Levente ya dube shi. "Tambaya take… wai yaron nan da yake zuwa kullum, mene ne shi a gidan nan."

Ilinca ta daskare da kofi a hannu. Octavian ya dubi tagar, ya murza gashin baki, ya dubi 'yarsa da ta rame a gabansa ba ta taɓa yi masa musu ba.

"Gaya mata surukina ne. Mijin Ilinca."

Kofin ya suɓuce. Levente ya zuba wa dattijon ido.

"To fassara mana!" Octavian ya daka masa tsawa, idonsa cike da ƙwalla. "Ko shi ma sai na koya da kaina?"

Da kyar yaron ya faɗa. Buni ta gyaɗa kai kamar dama abin da take jira ke nan, ta ce wani abu.

"Ta ce to a yi sauri, ita ba ta da lokacin jiran maza."

An ɗaura auren da kaka, bayan an gama tatsar inabi. Aka fara da cocinmu, aka wuce nasu, aka kai Buni duka biyun a keken guragu. Mahaifiyar Levente, wadda ta zo tana cin magani, a gefen tsohuwa ta ƙare bikin, suna hira suna share hawaye. Buni ba ta ga ƙarshen sanyin shekarar ba. Ta rasu Octavian yana riƙe da hannunta, yana faɗa mata "ina nan" da karyayyen Hangarancinsa.

Ni ban san wa ya riga wa zuwa ƙasar nan ba, kuma a shekaruna ba na sa ran sani. Abin da na gani da idona shi ne, Ilinca ta yi haƙuri ta ƙi saɓa wa ubanta, Levente ya yi haƙuri ya ƙi cin moriyar ranar da dattijo ya zo masa da hula a hannu, kuma Allah bai bar su haka ba. Mahaƙurci mawadaci, gaskiyar magabata ce. Ku kuma yara masu tasowa, ku so asalinku, ba laifi ba ne. Amma ku iya bakinku a kan na wasu, don ba ku gama sanin jinin da ke jikinku ba. Octavian ya kusa shekara sittin yana zagin baƙi, ashe wadda ta goya shi yake zagi.